Baƙar Shinkafar Thongsuk

A duk Luang Prabang babu wadda ta kai Amphai sammako zuwa sadakar asuba, kuma babu wadda ta kai ta nisa da ladan wannan sadaka. Shekara da shekaru gangar haikali ba ta taɓa samunta a kwance ba. Kafin malaman haikalin su fito karɓar sadaka a jere, ƙafa ba takalmi, mayafi ruwan goro, kowa rataye da akushinsa, ita ta riga ta share gefen titi, ta shimfiɗa tabarmi, ta jera 'yan kujerunta na roba shuɗɗa. Amma a zaga unguwar gida-gida a tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin hannunta ya jefa loma ɗaya a akushi. Babu. Ita sayarwa ta zo yi.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Uwarta, can ƙauyensu na tsallaken kogin Mekong, tsohuwa ce mai tsantseni, kuma ta koya mata komai tun ba ta iya ɗaurin zane ba. Shinkafar sadaka jiƙa ta ake yi tun yamma, a turara ta sabuwa da asuba a madambacin gora. Ba a ɗanɗana ta, ba a ko sunsuna ta, ta saman ita ce ta malamai, abin da ya rage shi ne na gida. Amphai ta san wannan kamar yadda ta san sunanta. Ta ƙetaro gari da iliminta cif, ta ajiye shi gefe kamar tsohon takalmi.

Aure ne ya kawo ta. Mijin, Thongsuk, matuƙin kwale-kwale ne, dogo, mai sanyin hali, irin mutanen da in ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. Ba su haihu ba. Shi yana kan ruwa wuni guda, ita tana sayar da miyar taliya a bakin hanya, tana tsaki a kan kowane kwano da ta wanke. Haka rayuwar take tafiya har ranar da wata Baturiya mai jan hanci ta tsaya a kanta, ta nuna malaman da yatsa, ta nuna bakinta, ta nuna kwandon da ke gefen murhu. Shinkafar jiya ce a ciki, ragowar abincin Thongsuk, har ta fara tauri. Amphai ta dubi kwandon, ta dubi takardar kuɗin da matar ta miƙo, sai ta ji kamar an buɗe mata taga a ka. A makon nan ta sayar da tukunyar miya.

Baƙin kuwa sun yi mata rana, don samun wawayen ciniki irinsu sai an tona. Motoci ne ke juye su tun da duhu-duhu, ido a kumbure, wasu da gajeren wando duk cinya a waje, wasu da wandon nan mai zanen giwa da suke zaton shi ne kayanmu. Jiya sun hau tsauni sun ga hasumiya, anjima za su je kogo su ga gumaka, gobe su tashi zuwa wata ƙasar su ga wani haikalin da ba za su tuna sunansa ba. Mu muna cikin jerin abin kallo ne kawai, tsakanin magangarar ruwa da kasuwar tsarabar yamma. Amphai sai ta tare su da murmushi har kunne, ta rataya wa kowa gyale a kafaɗa, ta dangwarar da shi kan shuɗiyar kujera, ta ɗora masa ɗan kwando a cinya.

"Zauna nan, ɗan'uwa, lada ne. Lada mai yawa. Sa'a, lafiya, arziki, duk yana ciki."

Su kuma sai su yi ta dunƙula shinkafa da hannun da suka gama sosa ƙafa da shi, suna jefawa, ɗaya hannun yana riƙe da waya, ana haska wa tsoho ɗan shekara saba'in fitila a ƙwayar ido. Akwai mai miƙewa tsaye ya kere malami tsawo, akwai macen da ke neman dafa kafaɗarsa don hoto ya yi kyau. Amphai ko a jikinta. In kwando ya ƙare ta cusa wani kafin mutum ya ce uffan.

Da a nan ta tsaya, da an ce neman abinci ne. Amma ita Amphai zuciyarta ba ta san ya isa ba. Gaba kaɗan da kujerunta, inda titi ya karya zuwa kogi, akwai wata tsamiya, a gindinta ake ajiye babban kwando. In akushin malami ya cika sai ya rage a nan, don mabuƙata su ɗauka, haka ake yi tun kaka da kakanni. Amphai ta yi wa kwandon nan kallo ɗaya ta ga jari. Ta je ta sayo ɗan alade ta ɗaure a bayan gida, ta ce ai shi take kwasar wa. Kullum da hantsi sai ta ɗauke kwandon ta yi gida da shi, ta tsince ƙasa da ganye, ta yayyafa ruwa, washegari ta ɗan nuna masa tururi ta zuba a ƙananan kwanduna. Shinkafa ɗaya sai ta shiga akushi ta fito, ta shiga ta fito, har sai ta fara yauƙi da tsami. Wadda ta gagara sayuwa ita ce abincin Thongsuk. Aladen nan kuwa, wanda a lissafi ya fi kowace dabba a lardin samun shinkafa, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa.

Ba a daɗe ba ciwon ciki ya shiga haikali. Babban malamin da kansa sai da ya kwanta, aka ce ya rame kamar sanda. Malami kuwa ba ya ƙin sadaka, ba ya zaɓe, ba ya ma ɗaga ido ya dubi fuskar mai bayarwa. Kansa a sunkuye yake, ya buɗe murfi, ya rufe, ya wuce. To amma mai kallon ƙasa yana ganin ƙafar kujera. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kira taro, sai dai tun daga lokacin duk abin da ya faɗa akushi a layin shuɗɗan kujeru, gefe guda ake tura shi, da an kai gindin tsamiya a juye. Amphai ta lura kwandonta ya ƙara nauyi, har murna ta yi.

Mutum ɗaya ce take iya faɗa mata a ido, Somsi, yayar Thongsuk. Tsohuwa ce 'yar firit, gashi fari fat, wadda ke durƙusawa kowace asuba a ƙofar gidanta, can ƙasan unguwa inda motocin baƙi ba sa shiga.

"Amphai, ke ko tsoro ba kya ji? Abin da kare zai sunsuna ya kau da kai, shi kike sa wa malamai?"

"Ni na sa? Yaya, ki daina ɗora mini. Kin taɓa ganin hannuna a bakin akushi? Ni ciniki na yi. Wanda ya jefa shi ke da ladan, to shi ke da alhakin ma. Su je can ƙasarsu su ƙarata."

"Ƙanena fa? Shi ma baƙo ne?"

"Ƙaninki ya taɓa kawo miki ƙara?"

Bai taɓa ba, kuma wannan shi ne abin haushin. Thongsuk sai ya buɗe kwandonsa a tsakiyar kogi, ya ɓare gefen da ya yi tsami ya jefa wa kifi, ya ci sauran da ɗan dakakken barkono. Abu ɗaya ya taɓa roƙonta, shi ma sai da ciwo ya kwantar da shi a wata damina. Baƙar shinkafar nan ta garinsu, ta kan tudu a hayin kogin Ou, mai ƙamshi, wadda uwarsu take turara musu da kwakwa suna yara.

"Ko loma biyu ne, Amphai. Bakina ba ya karɓar komai."

"Gobe," in ji ta. "Yau kasuwar ta watse."

Washegari ta ce ta yi tsada, a bari sabuwa ta shigo. Sabuwa ba ta shigo ba rai ya yi halinsa. An ƙone gawa, ta yi kuka iya na ganin ido, ta ciyar da malamai ranar zaman makoki da abincin da Somsi ta dafa, ba a rufe mako ba aka ga shuɗɗan kujeru a jere.

Sai da sanyi ya shigo, lokacin da baƙi suka fi yawa, sannan Thongsuk ya fara zuwa. Wata safiya bayan an watse, Amphai ta gangara gidan Somsi, abin da ta fi shekara ba ta yi ba. Ta zauna a matakala, fuskar nan ta faɗa, ido ya yi zuru-zuru.

"Yaya, yana zo mini a barci. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yana tsayawa a bakin ƙofa da kwandonsa na kwale-kwale, ya buɗe ya nuna mini. Babu komai a ciki. Wuyansa ya zama kamar zare."

Somsi ta ci gaba da tsinke ganyen miya, ba ta ɗago ba.

"Ni ina sa masa sadaka a akushin malamai kullum."

"To me ya sa yake zuwa wajena?"

"Ni ya roƙa baƙar shinkafa? Ke ya roƙa. Abin da matarsa ta hana shi, hannun matarsa zai ba shi. Kin san yadda ake yi, ba sai na koya miki ba."

Ta sani sarai. A turara, a sa a akushi, malami ya ci, a tsiyaya ruwa a ƙasa a kira sunan mamaci, sai abincin ya isa gare shi. Masu karatu a haikali suna cewa niyya ce kawai ke tafiya, amma babu tsohuwar da za ta saurare su. Abin da malami bai sa a baki ba, mamaci bai gan shi ba.

Gaskiya ɗaya ce, a wannan karon Amphai ta ji tsoro, har ma wani abu mai kama da tausayi ya ɗan motsa mata. Ta tuna yadda yake ajiye mata kan kifi don ya san tana so. Ta shiga kasuwa ta sayi baƙar shinkafa mai kyau, ba ta ko taya ba, har mai shinkafar ta bi ta da kallo baki buɗe. Ta sayi sabon madambaci, don na sana'ar ya riga ya ɗauki wari. Ta jiƙa, ta goge kwakwa, ta yi wanka, ta ɗauko zanen alharini na aurenta daga ƙasan akwati. Da tururi ya tashi, ƙamshin ya cika gidan har aladen ya fara kururuwa, ta kau da hanci gefe don kada ta riga malamai shaƙa. Ba ta ɗanɗana ba. Uwarta da ta gani da ta gyaɗa kai.

Ana gobe za ta yi sadakar, da yamma, Somsi ta tako har gida ta ce mata, "Gobe ki zo ƙofata ki durƙusa kusa da ni. Ki bar kujerun nan su huta."

"To, Yaya," in ji ta, kuma a lokacin da gaske take.

Somsi na fita sai ga Vilai, mai jagorantar baƙi, wani mai tumbi da baƙin tabarau da ya saba kawo mata mutane ana ba shi nasa kason. Ko sauka daga babur bai yi ba.

"Gwaggo, gobe babbar mota ce, cike. Sababbin zuwa, ko farashin ruwa ba su sani ba. In ba kya nan zan kai su wajen matar can ta gaban makaranta, ta daɗe tana roƙona."

"Waccan mai ƙazantar? Kai dai ba ka da kunya. Kawo su."

Ta zauna ta yi shawara da zuciyarta, zuciyar da ba ta taɓa ba ta shawarar asara ba. Malamai dai su ne malamai, titi kuma shi ne titi. Waɗanda za su bi ta ƙofar Somsi su ne za su bi ta gabanta. Me zai sa ta je ta durƙusa cikin tsofaffin da za su yi ta zunɗenta da baki, alhali ga tabarmarta, ga wurinta? Ta sallami baƙi, ta sallami Thongsuk, duk a zama ɗaya.

Haka aka yi. Motar ta juye mutanenta, Amphai ta raba gyale da kwanduna, ta zaunar da kowa. Sannan ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a ƙarshen layin, jikin kujera ta ƙarshe, ta ɗaga kwandon baƙar shinkafa zuwa goshi ta rufe ido. Wata baƙuwa ta ce wa mijinta, "Kalli wannan, ta ainihi ce, ɗauke ta," suka yi mata caa da wayoyi. Ita kuwa bakinta yana motsi, sunan Thongsuk take kira.

Malaman suka iso, babban a gaba, yana tafiya a hankali don har yanzu jikin bai koma daidai ba. Murfi ya buɗe, ta sa loma mai ɗumi, murfi ya rufe. Na biyu, na uku, har na ƙarshe. Ba wanda ya ƙi, ba wanda ya dube ta. Hawaye na gaske yana zubo mata, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Da layin ya wuce ta ɗauko 'yar butarta, ta tsiyaya ruwa a gindin katanga a hankali, ta ce, "Ga shi nan, Thongsuk. Ka ci ka ƙoshi. Ka yi haƙuri da jinkirin." Ta miƙe tana jin kanta sakayau, har ta yi wa wani baƙo rangwamen gyalen da ya ɓata da kofi.

Hantsi ya yi, ta tattara kujeru, ƙafarta ta ɗauke ta zuwa gindin tsamiya kamar kullum. Ta sunkuya za ta ɗaga kwandon, sai ta tsaya a sunkuye. A saman farar shinkafar mai tsami ga baƙaƙen lomomi nan birjik, da ɗan farin kwakwa a jikinsu, da shatin yatsunta. Ta sa hannu ta tona har ƙasa, ko za ta ga sun yi kaɗan, ko wani malami ɗaya ya manta ya wuce da tasa. Ba su yi kaɗan ba. Duk abin da ta turara yana nan, ƙudaje har sun fara sauka.

Ta zauna daɓas a ƙasa da zanen aurenta. Ba wanda ya yi mata mugunta, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Malaman ba su san ita ce ba, ba su san na wane ne ba. Sun ga shuɗiyar ƙafar kujera, sun tura gefe, kamar yadda ita da kanta ta koya musu. Ta yi kuka a wurin har mai shara ya zo ya zagaye ta da tsintsiya. Daga nan ta share fuska, ta ɗora kwandon a ƙugu, ta tafi gida.

Mai hankali zai ce daga ranar ta ƙone kujerun, ta sake sayo shinkafa, ta gangara ƙofar Somsi. Wanda ya faɗi haka bai san Amphai ba. Washegari da asuba Somsi, da ta ji shiru, ta hauro don ta ji yadda aka yi. Ta tarar da layi cike, Amphai tana ta kashe murya.

"Wannan ta musamman ce, 'yar'uwa, baƙa, ta kan tudu. Ladanta ninki ne, kuɗinta ma haka."

Somsi ta karɓi kwando ɗaya daga cinyar wata baƙuwa, ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ta ƙanena ce."

"Sun zubar, Yaya. Ba ta isa gare shi ba."

"Shi ne kika sa ta a kasuwa."

"To ya zan yi da ita? Ta riga ta lalace masa. Kin san nawa na saye ta? In na mayar da kuɗina sai in sake sayo wata, in zo ƙofarki. Wannan makon dai akwai mutane, ki bari su ragu."

Somsi ta mayar da murfin, ta ajiye wa baƙuwar kwandonta, har da ɗan sunkuyawa. Daga ranar ba ta sake kiran sunan Amphai ba. Shinkafar Thongsuk kuwa ta shiga akushi ta fito a gindin tsamiya, ta sake shiga ta sake fitowa, baƙi suna ta ɗaukar ta hoto saboda launinta, har ta yi yauƙin da ko su ba za su saya ba. Ranar aladen ya ci abinci mai kyau.

Mutane ba su ragu ba a makon, ba su ragu ba a na bayansa. Amphai tana nan har yau, ta ƙara kujeru, ta yi ƙiba, ta sa haƙorin zinariya. Mafarkin ne kawai ya sauya, kuma sau ɗaya ta taɓa faɗa, ga mai sayar da kofi, wata safiya da ba ta yi barci ba. Ta ce har yanzu yana zuwa, da kwandonsa, wuyan nan kamar zare. Amma ya daina tsayawa. Takan fito da gudu da abinci a hannu tana kiran sunansa, shi kuwa kansa a sunkuye, ya dubi ƙafar kujerun da ke jingine a bakin ƙofa, ya wuce.